Kuɗin Gasa da Ɗaukar Nauyi: Abin da Ke Yi wa Ɗan Tsere Jagora

Ɗan tseren da ya mayar da gudu sana'a ba shi da albashin wata kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Abincinsa na fitowa ne daga kyautar da ya ci a gasa, da kuɗin da masu shirya tsere ke biyan fitattu don su halarta, da kwangilar kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. A ciki ne zai sallami mai horar da shi da wakilin da ke nema masa gasa, ya kuma biya kuɗin magani. Idan ya ji rauni, kyautar gasa da kuɗin halarta sun tsaya cak.

Shi ya sa kwangila ta fi kyauta daraja. Nike ta daɗe tana ɗauke da nauyin Eliud Kipchoge na Kenya, kuma kamfanin INEOS ne ya shirya gudun da ya yi a Biyana a 2019, inda ya kammala kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2. Sai dai mai biya shi ke gindaya sharaɗi. A 2019 ɗin ce Allyson Felix ta Amurka ta fallasa yadda Nike ta nemi zaftare mata kuɗi bayan ta haihu, har kamfanin ya sauya ƙa'idarsa.

A Najeriya, kyautar ta fi tafiya waje. Gudun famfalaki na Legas, wanda bankin Access ke ɗaukar nauyinsa tun 2016, ya fara da dala 50,000 ga zakara, kuma 'yan Kenya da Habasha ne suka saba kwashewa. 'Yan gida, waɗanda da yawansu daga tsaunukan Filato suke, sai su yi takara a kan kason da aka ware musu. Abraham Kiptum, wanda ya ci gasar a 2016 da 2017, an dakatar da shi daga baya saboda karya dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Inda kyauta ta yi girma kuma babu madogara ta biyu, kwaɗayi kan rinjayi hankali.

Rashin mai ɗaukar nauyi kan sauya wa mutum har tuta. Francis Obikwelu ya bar Najeriya ya koma Fotugal, ya ciyo mata azurfa a Olamfik na 2004. Femi Ogunode ya koma Katar. Tobi Amusan kuwa, da ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, jami'ar Amurka ce ta goya ta da tallafin karatu.

Duk wannan ya shafi wanda ya riga ya kai matakin da za a gan shi. Saurayin Dakko, ko na wani ƙauye a ƙananan hukumomin Bakura, Maradun da Talata Mafara na jihar Zamfara, da ya tashi yana bin dabbobi da zirga-zirgar gona a ƙafa, yana da juriyar da ake nema. Kamfani kuwa ba ya bin ƙauye neman gwani. Sakamakon da aka auna aka rubuta yake dubawa. Matsalar tsaro ta ƙara tsuke tafiye-tafiye a yankin. Amma al'adar ɗaukar nauyi ba baƙuwa ba ce a nan: ɗan dambe da ɗan kokawa sun san ubangida, sun san karin da ake yi musu a fili.

Wannan jarida na ganin a nan ya kamata a fara. Ƙananan hukumomin uku za su iya haɗa hannu da attajiran yankin su kafa tseren kilomita 10 duk shekara a cikin garin Talata Mafara, a auna hanya daidai, a rubuta lokacin kowa, a buɗe ƙofa ga ɗalibai. A biya kyauta a ranar, a gaban jama'a, a kuma raba ta har zuwa na goma, domin wanda ya zo na bakwai bana ya samu dalilin dawowa baɗi. Waɗanda suka yi fice a ɗauki nauyin karatunsu da abincinsu da takalmansu a rubuce na shekara 2 aƙalla, sannan hukumar wasanni ta jihar Zamfara ta kai su gasannin ƙasa.