Sabon kiɗa ba laifi ba ne, kalmomin za mu duba

A wannan makon muna so mu yi magana a kan gardamar da ba ta ƙarewa a ajinmu da gidajenmu, wato gardamar sabon salon waƙa. Duk lokacin da mawaƙi ya canza kiɗa, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce ya ci gaba, wasu su ce ya lalace. Mu a ganinmu, kowane ɓangare yana yin gaggawar yanke hukunci.

Mu ɗauki misalin Ado Gwanja. An san shi da waƙoƙin biki na mata, har ana kiransa Limamin Mata. A shekarar 2022 ya fitar da Warr da Chass da kiɗan na'ura mai sauri, wanda ya bambanta da wanda aka saba ji daga gare shi. Matasa suka karɓe su hannu bibbiyu, suka cika TikTok da rawa. Amma malamai da iyaye da yawa suka yi tir da su. A shekarar ce Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta hana gidajen rediyo da talabijin sanya Warr, saboda kalaman da ke ciki da kuma yadda aka nuna maye a bidiyon.

A lura da kyau, hukumar ba ta ce kiɗan ne ya yi sauri ba. Kalamai da hotuna ta kama. Nan ne muke ganin mutane suna cakuɗa abubuwa biyu. Kiɗa daban, saƙo daban.

Ga masu cewa duk sabon kiɗa shirme ne, muna tunatar da su cikin ladabi cewa ko magabata ba kiɗa ɗaya suka yi ba. Ibrahim Narambaɗa da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Salihu Jankiɗi da taushi ya yi a fadar Sarkin Musulmi. Ɗan Anace, wanda ake dangantawa da Gandi a ƙasar Raɓa, nan kusa da mu, da kalangu ya wasa 'yan dambe irin su Shago. Ɗan Maraya Jos kuwa kuntiginsa kaɗai ya riƙe. Kowa da irin nasa, kuma duk muna alfahari da su. Haka lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 da kiɗan fiyano, an yi ta sukar irin wannan kiɗa ana cewa na 'yan nanaye ne. Yau iyayenmu mata da yayyenmu suna jin waƙoƙin wancan lokaci suna cewa su ne na ƙwarai. Zamani riga ne.

Mu 'ya'yan manoma ne, mun san wannan a fadama. Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa. Yanzu injin ban ruwa ne ke jawo ruwan Rima zuwa gonakin albasa da tafarnuwa. Idan aka kai buhu kasuwar Goronyo, mai saye ba ya tambayar da me aka ba ta ruwa. Albasar yake dubawa, ko ta ƙosa ko ta ruɓe. Haka ya kamata a yi wa waƙa.

Amma mu ma ɗalibai akwai magana a kanmu. Da yawanmu idan waƙa ta yi tashe, shi ke nan ta zama mai kyau. A tura mana ita a waya, mu haddace, mu rera a hanyar makaranta, ba mu tsaya mun ji me ake faɗa ba. Ƙannenmu 'yan firamare suna bin bakinmu. Idan akwai zagi ko habaici marar kyau a ciki, daga bakinmu za su ɗauka, su je su faɗa a gaban baba ko malamin Islamiyya. Yawan masu rawa da waƙa ba ya mai da kalma marar kyau ta zama mai kyau. Kuma son mawaƙi ba ya hana mu ce wannan karon bai kyauta ba.

Akwai masu cewa a hana mu sauraro gaba ɗaya. Muna girmama damuwarsu, amma hanawa kaɗai ba za ta wadatar ba. An hana Warr a rediyo, amma ta ci gaba da yawo daga waya zuwa waya. Abin da zai kare mu shi ne mu koyi tantancewa da kanmu.

Saboda haka muna ba da shawarar tambayoyi uku kafin mu yabi sabuwar waƙa ko mu kushe ta. Na ɗaya, me take cewa? Na biyu, za mu iya rera ta a gaban iyayenmu ba tare da mun sunkuyar da kai ba? Na uku, idan aka cire kiɗan, Hausar da ta rage tana da azanci da hikima?

Muna kuma roƙon malamanmu na Hausa su ware mana lokaci ko sau ɗaya a zango, a kawo waƙar da guda ɗaya da ta yanzu guda ɗaya, wadda malamai suka tace, mu saurara mu yi muhawara. Ta haka za mu san Narambaɗa da Ɗan Anace, mu kuma iya auna mawaƙan zamaninmu da adalci. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda yake da ra'ayi daban, ya rubuto mana, za mu liƙa a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya so.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare