A Lura Da Yaron Da Ya Daina Gane Wasa

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, idan saurayi ya daina amsa gaisuwa, ko ya mai da wasa faɗa, nan da nan sai a ce girman kai ne ko shaye-shaye. Wani lokaci kuwa mafarin ciwon taɓin hankali ne wanda likitoci ke kira sikizofiriniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 300 na fama da shi, kuma yawanci yakan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai.

Tun kafin a ga yaro yana magana shi kaɗai, ciwon kan taɓa masa hanyar gane mutane. Murmushin ƙanwarsa sai ya ga ba'a ce. Abokai na raɗa, sai ya ɗauka shi ake ƙulla wa sharri. Daga nan sai ya janye jikinsa daga majalisa, aiki ko karatu ya lalace.

To, wannan magana ta shafi mazauna Agege da Sabon Ibadan ƙwarai, domin su ake aiko wa 'yan'uwa daga gida neman abinci. Baƙunci da kaɗaici na ƙara wa irin wannan yaro nauyi. Idan aka kore shi da sunan rashin kunya, ko aka kai shi inda za a ɗaure shi da mari, an ɓata lokaci, alhali bincike ya nuna jinkirin magani na sa sauƙi ya yi wuya.

Asibiti na nan. Akwai na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Yaba a Ikko, da Aro a Abeokuta. Amma ƙwaya ta fi kwantar da muryoyin da majinyaci ke ji. Gane fuska da nufin mutane sai an sake koya masa a hankali. Farfesa Adeoye Lambo ya gane amfanin dangi tun 1954, da ya zaunar da majinyata a ƙauyen Aro tare da 'yan'uwansu.

Saboda haka a riƙa yi wa irin wannan yaro magana a fili, ban da habaici, ban da raɗa a gabansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta kare masa mutuncinsa. Saura dangi su kai shi ga likita da wuri. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.