Mai jinya ma yana buƙatar hutu

Shekara 2 ke nan da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin Umma ce ke masa komai: wanka, ciyarwa, da juya shi duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta fitar masa da gyambo, har cikin dare. Da na je gida hutun semesta, na tarar ta rame, hawan jini ya kama ta.

Na ce a samo mai karɓarta ko da kwana ɗaya ne a mako. Ta kalle ni ta ce, "So kike a ce na gaji da mijina?"

Nan fa matsalar take. Mun ɗauki hutun mai jinya kamar gazawa. Amma ko a asibiti, ai karɓa-karɓa ma'aikatan jinya suke yi: na safe, na yamma, na dare. Don me za mu ɗora aikin mutum uku kan mace ɗaya? In ta faɗi, majinyata sun zama biyu.

Da na sauya salo na ce, "Umma, Baffa ma yana son ladan nan, don Allah kada ki hana shi," sai ta yi shiru. Yanzu duk Juma'a Baffa ne ke kwana da yayansa, ita kuma ta samu barci.

'Yan uwana ɗalibai, na san da yawanmu mun baro irin wannan a gida. Kada ku fara da "kin gaji". Ku nemi dare ɗaya tukuna. In an yi hutu kuma, daren farko ya zama naku.