Jarrabawar shiga makarantun zaƙaƙurai: jerin sunaye kaɗai bai ishi iyayen Magariya da Dungas ba

Tun da gwamnati ta dawo da jarrabawar CFEPD a 2024, bayan kimanin shekaru 10 da dakatar da ita, batun jarrabawa ya sake zama abin tattaunawa a majalisu da kasuwanni. Sai dai akwai wadda ba a cika magana a kanta ba, wato ta shiga makarantun da ke tace ɗalibai, irin su Prytanée Militaire ta Yamai, mai ɗaukar yaran da suka gama CM2, da Lycée d'Excellence, mai ɗaukar waɗanda suka samu BEPC. Yadda ake sanar da iyaye sakamakonta na buƙatar gyara.

Kwankur daban, jarrabawa daban

A BEPC ko Bak, duk wanda ya kai mwayen 10 bisa 20 ya ci, komai yawan masu rubutawa. A kwankur kuwa gurabe ƙidayayyu ne: ana jera yara daga na ɗaya zuwa ƙasa, inda gurabe suka ƙare nan ake ja layi. Saboda haka yaro na iya yin aiki mai kyau ya rasa wuri, don kawai wasu sun ɗara shi da ɗan maki.

Abin da yakan iso wa iyaye shi ne jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, wani lokaci tare da jerin masu jiran tsammani. Uban da bai ga sunan ɗansa ba yakan kammala cewa yaron ya faɗi. Bai san ko rabin maki ne ya raba shi da gurbi ba, ko kuwa yana can nesa. Na farkon yaro ne da ya kamata a ƙarfafa wa gwiwa a nema masa wata ƙofa, na biyun yana buƙatar a taimaka masa a darasin da ya gaza. Takardar da ta yi shiru a kan maki ta mayar da su ɗaya.

Nisa da harshe

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Magariya da Dungas suna da mutane sama da dubu 900 a haɗe, mafi yawansu manoma. Daga Magariya zuwa Damagaram kusan kilomita 90 ne, daga can zuwa Yamai kuma kusan 900. Jerin da aka manna a bangon ofis ko aka saka a intanet yakan riski uba a Dogo-Dogo, Guci ko Sasumburum ta hanyar hoton WhatsApp da ya bi hannuwa da dama, ko ta bakin wani malami. Kowace rana da labari ya yi latti tana rage lokacin haɗa takardu da neman kuɗin mota, ga shi ana komawa lakkol a watan Oktoba, daidai lokacin da iyali ke tsakiyar girbi.

Sannan takardun da Faransanci suke fitowa. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan mataki zai taɓa rayuwar talaka, sakamakon ɗansa na cikin takardun farko da suka cancanci fassara.

Darasi daga maƙwabta

A Najeriya, wadda gundumomin biyu ke iyaka da ita, hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a tana aika wa ɗalibi makinsa na darussa huɗu, bisa jimillar 400, ta saƙon salula. A watan Mayun 2025 ɗalibai da iyaye suka ga makin da bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba, suka ɗaga murya. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan dubu 380, aka sake musu jarrabawa. Tsarin nasu ya yi kuskure, amma da sunayen waɗanda suka ci kaɗai aka fitar, da wuya wani ya gano shi.

Masu shirya kwankur na iya cewa bayyana maki zai jawo tulin ƙorafi, kuma bai dace a tallata makin yaro ga duniya ba. Magana ta biyu gaskiya ce, shi ya sa makin zai tafi ga iyali kawai. Ƙorafi kuwa ya fi sauƙin warwarewa idan akwai alƙaluma a gaba. Inda babu su, jita-jitar cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka ita ke cike gurbin, ko da an yi aikin tsakani da Allah.

Abin da za a iya yi

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A sanar da ranar fitar sakamako tun ranar rubutawa. A bayyana yawan gurabe, yawan waɗanda suka rubuta, da makin yaron ƙarshe da aka ɗauka. A ba kowane yaro makinsa darasi-darasi da matsayinsa, ta saƙon salula da kuma takarda a hannun daraktan makarantarsa. A karanta sanarwar da Hausa a gidajen rediyon karkara, a kuma ware kwanakin da uba zai iya neman a sake lissafin maki a ofishin ilimi na gundumarsa ba tare da ya je Yamai ba.

Ƙungiyoyin iyayen yara da kwamitocin COGES na Magariya da Dungas su ne suka fi kusa da wannan matsala. Lokacin kai buƙatar gaban hukumomin ilimi na jihar Damagaram shi ne kafin a buɗe rajistar kwankur mai zuwa.