Ku faɗa wa likita labarin kwanakin da bai yi barci ba

Yawancin iyalai ba sa kai mutum asibiti sai ya kwanta. Ya kulle kansa a ɗaki, a kai tuwo a dawo da shi yadda aka kai, wayarsa na ƙara ba ya ɗagawa, ko wanka sai an yi da gaske. Likita ya tambaya, a ce damuwa ce ta yi masa yawa. Gaskiya aka faɗa, amma rabinta. Ragowar, wadda nake roƙon mu daina ɓoyewa, ita ce abin da ya faru watannin baya.

Mutumin nan ne fa ya yi kwana da kwanaki yana barcin awa biyu, ya tashi garau. Ƙarfe uku na dare yana kiran 'yan'uwa da sabuwar dabarar kasuwanci, magana na tunkuɗe magana, ba wurin sa baki. Ya ɗebo kaya bashi fiye da ƙarfin jarinsa, ya raba kuɗi ga duk wanda ya gaishe shi, wanda ya ce masa a bi a hankali kuwa ya zama maƙiyi. Abokai suka ce buɗi ne ya zo, maƙwabta suka ce iskokinsa ne suka motsa, uwa ta ce sammu aka yi wa ɗanta. Ba wanda ya haɗa wancan tashin da wannan kwanciyar, alhali sau da yawa ciwo ɗaya ne, wanda likitoci ke kira baifola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke fama da shi a 2019.

Ba wanda ya fusata da safe ya huce da yamma ake nufi ba. Cikakken tashin kan ɗauki mako guda ko fiye, kwanciyar kuma mako biyu zuwa watanni.

Ciwon nan ba a ganinsa a gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, daga labari ake gane shi. Marar lafiyar kuwa da wuya ya ambaci lokacin tashinsa, don a wurinsa bai taɓa jin daɗin kansa irin lokacin ba. Idan likita ya ji rabin labari, zai iya ba da maganin damuwa zalla, wanda a jikin mai baifola kan iya tayar da wancan yanayin ya fi na da muni. Shi ya sa hankalina ke tashi idan na ga ana sayen amitriptyline a kyamis don wata ta ce ya yi mata amfani. Matar gida ko ƙanin da ya ga komai da idonsa, shi ya kamata ya shiga ɗakin likita tare da marar lafiyar, ya ajiye kunya ya faɗi har bashin da aka ci.

Magani akwai, kuma ya daɗe. Tun 1949 likita John Cade ya nuna amfanin lithium a Ostireliya, sai dai mai shan sa na buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci saboda ƙoda. Valproate kuma na iya cutar da ɗan da ke ciki, don haka mai shirin haihuwa ta sanar da likita tun wuri, musamman da yake ciwon kan taso a kwanakin jego. Inda aka fi tuntuɓe shi ne a ji sauƙi a ajiye magani.

Ban hana kowa ruƙiya da addu'a ba, a haɗa su da asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mari da bulala. Mun ga waɗanda aka fito da su cikin sarƙa a Rigasa ta Kaduna a 2019, kuma a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Asibitocin Barnawa, Dawanau, Kware da Maiduguri don wannan aikin aka gina su, duk da ƙarancin likitoci.

Kafin ranar ganin likita, a samu littafi a riƙa rubuta awa nawa marar lafiyar ya yi barci kowane dare, don raguwar barci kan riga sauran alamu zuwa. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a tsaya yi masa faɗa. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.