Waƙa a Anka, Gummi da Bukkuyum: wa zai biya mawaƙin?

Duk wanda ke bibiyar TikTok zai ga yadda samari daga yammacin Zamfara ke ta sakin gajerun waƙoƙi, wasu da kiɗan sitidiyo, wasu kuwa baki kawai da tafi. Muryoyi akwai su, masu daɗi ma kuwa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, idan yaron Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya ce yau ya ɗauki waƙa sana'a, daga aljihun wa abincinsa zai fito?

A da amsar ba ta da wuya. Ƙasar Zamfara da maƙwabtanta su suka haifi manyan makaɗan Hausa: Musa Ɗanƙwairo na Maradun, Sa'idu Faru, Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Kassu Zurmi, Sani Sabulu na Kanoma, ga Narambaɗa can ƙasar Isa. Kowannensu ya san inda zai ci. Makaɗin fada yana da ubangida mai ba shi doki da riga da hatsi, wani lokaci har gona da kujerar Makka. Wanda ba na fada ba yana da manoma a ranar gayya, da 'yan dambe bayan kaka, da 'yan tauri, da masu biki. Kuma sana'ar gado ce: yaro ya fara da amshi a bayan ubansa ko yayansa, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa. Ɗanƙwairo kansa haka ya taso.

To yanzu mu duba me ya rage. Fada tana nan. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, Gummi na da Sarkin Mafara, Bukkuyum ma masarauta ce, kuma har gobe ana kiɗa ranar sallah da ranar naɗin sarauta. Amma sarkin yau albashi yake karɓa, ba shi da rumbunan da kakansa ke ciyar da ƙungiyar makaɗa shekara guda da su. Mawaƙin zamani mai fiyano kuma da ma ba shi da gurbi a can.

Babban ciwon shi ne taro. Waƙar Hausa taron jama'a ke riƙe ta, kuma taro shi ne abin da 'yan bindiga suka fara kashewa. A farkon Janairun 2022 an afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Ƙauyen da ake sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa ba zai kira makaɗin noma ba. Uban da ke tsoron a ji labarin yana da kuɗi ba zai yi bikin kwana uku da janareto da lasifika ba, sai a ɗaura aure da safe, a kai amarya kafin la'asar, kowa ya kama gabansa. Shi kansa mawaƙin da aka gayyata daga Gummi zuwa Gusau sai ya yi lissafin hanyar Anka kafin ya amsa, kuma sau da yawa kuɗin da za a ba shi bai kai kasadar ba.

Wasu za su ce ai yanzu zamanin waya ne, ba sai ka je ko'ina ba. Gaskiya ne, amma 'yan Zamfara sun ga iyakar wannan magana a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Makonni mutane ba kira ba data. Ka ɗauka kai ne ka saki waƙa ana gobe za a rufe. Ko a lokacin lafiya ma, lissafin intanet ba yadda samari ke zato yake ba. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na Amurka ko Ingila. Mafi yawan masoyanka kuma ba a can za su ji ka ba. A shagon mai caji za a tura musu a memori, ko aboki ya tura ta Xender. Suna kake samu, ba kuɗi ba. Sunan ne zai sa a kira ka biki, bikin da muka ce babu.

Ko liƙi ma, wanda shi ne albashin mawaƙi tun tale-tale, ya zama abin taka-tsantsan. A 2025 kotun tarayya a Kano ta yanke wa Hamisu Breaker da G-Fresh hukunci kan wulaƙanta naira, da zaɓin biyan tara, bayan EFCC ta gurfanar da su. Idan mai "Jaruma" bai tsira ba, ƙaramin mawaƙi sai ya yi hattara da abin da yake ɗorawa a bidiyo.

Saura me? Siyasa. Mu faɗa wa juna gaskiya, kowa Rarara yake hange. Yaro daga Kahutu ta ƙasar Ɗanja ya zama mai shiga fadar shugaban ƙasa, me zai hana na Bukkuyum? Ga 2027 na matsowa, sitidiyo za su cika da waƙoƙin ɗan majalisa da na ciyaman. Ban ga laifin wanda ya ci wannan kasuwa ba, don ita kaɗai ce ke biyan kuɗi a dunƙule. Amma kasuwar damina ce. Zamfara ta sauya gwamna da jam'iyya a 2019, ta sake sauyawa a 2023, kuma wanda ya zuba habaici da zambo ga ɓangaren da ya zo ya ci, ya san yadda shekara huɗu ke tsawo. A garin da kowa ya san gidan kowa, zambo ba ya tsayawa a lasifika.

Akwai wata kasuwar da ta fi wannan haɗari. Mun ga yadda waƙar yabon Bello Turji ta yawata a wayoyi, har wasu na rawa da ita. Masu kare irin wannan kan kawo Gambu mai waƙar ɓarayi da Kassu Zurmi, wai ai da ma an saba. Ni dai ban yarda ba. Wanda aka kashe wa uwa da uba a Anka yana raye, yana jin waƙar, kuma maƙwabcinka ne.

Shi ya sa mafi yawan masu baiwa ke tattara jaka su nufi Gusau ko Sakkwato, daga nan sai Kano, inda sitidiyo da furodusoshi da 'yan fim suke. Tafiyar ba laifi ba ce. Fati Nijar ma ƙetaro iyaka ta yi. Abin da ke ba ni haushi shi ne abin da suke yarwa a hanya. Yaro ya iso Zoo Road da Zamfarcinsa mai zaƙi, wata uku sai ka ji ya koma kwaikwayon Umar M. Shareef, kalma iri ɗaya, kiɗa iri ɗaya, soyayya iri ɗaya. Kano na da ɗaruruwan masu wannan murya, kuma sun riga shi sanin furodusa. Abin da Kano ba ta da shi shi ne harshen da Narambaɗa da Sa'idu Faru suka yi waƙa da shi, da kiɗan kotso da taushi. Dubi Ado Gwanja: da ya ɗauko salon kiɗan mata na gargajiya ya zuba a sitidiyo, ai kowa ya ga yadda "Warr" da "Chass" suka karaɗe gari a 2022.

Wannan ba zai gyara hanyar Anka ba, ba kuma zai dawo da bikin dare ba. Wanda zai shiga waƙa daga wannan yanki a yau, ya riƙe ɗinkinsa ko shagonsa ko karatunsa tukuna, don shekarun farko shi zai riƙa biyan sitidiyo daga aljihunsa. Kuma kafin ya hau motar Kano, ya nemi tsofaffin makaɗan garinsu, waɗanda da yawansu yanzu suna zaune ba a kiransu ko'ina, ya ɗauki wayarsa ya naɗi yadda suke kiɗa da yadda suke jera amshi, ya biya su ko da kuɗin goro ne.