Ra'ayina: Bindigar Iska Da Haƙƙin Zomo

Wata gardama da ta ɓarke a ɗakin kwananmu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wani abokin karatuna ya ce bindigar iska abin wasan yara ce, wai ko zomo aka harba da ita ba za ta yi masa wata illa ba. Ni kuwa na ce ƙarancin ƙarfin nan da ya raina shi ne babban haɗarinta ga zomo, idan ta faɗa hannun mai garaje.

Kafin in yi nisa, ya kamata mu ɗaliban harshe mu lura cewa kalmar “zomo” dabbobi biyu ta haɗa. Zomon dajinmu mai dogayen ƙafafu ba ya haƙa rami, a cikin ciyawa yake laɓewa. Wanda nake magana a kansa shi ne na ƙasar Turai, kakan zomayen da muke kiwo a gida, wanda ke zama jama'a-jama'a a cikin ramuka. A Birtaniya manoma na ɗaukarsa a matsayin maɓarnaci. Wata annoba da ta ɓulla a 1953 ta kusa ƙarar da zomayen ƙasar, amma daga baya suka sake yaɗuwa, kuma dokar 1954 ta ɗora wa masu gonaki nauyin rage su.

A nan bindigar iska ta samu shiga. Ba ta aiki da albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura 'yar ƙwayar darma mai kaurin milimita 4.5 ko 5.5, wadda nauyinta bai cika wuce giram ɗaya ba. A Ingila da Wales, wanda ya kai shekara 18 yana iya sayen wadda ƙarfinta bai haura jul 16 ba, ba tare da lasisi ba. Jul ma'aunin ƙarfi ne, kuma ƙaramar bindigar farauta mai harsashin albarushi ta ninka wannan kusan sau goma. A Sikotilan kuwa, tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. Haka nan, shiga gonar wani da bindiga ba da yardarsa ba babban laifi ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bindiga mai wannan ƙarfi tana kashe zomo nan take ne idan darmar ta sami ƙwaƙwalwa, tsakanin ido da gindin kunne, wurin da bai fi ƙaramin goro ba. Idan ta kauce ta sami muƙamuƙi ko ciki, zomon zai ruga rami ya yi kwanaki yana jinya kafin ya mutu, maharbi bai ci ba, shi kuma bai tsira ba. Ga shi darmar ba ta da nauyi: iska kaɗan na karkatar da ita, kuma tana yin nisa tana sunkuyawa ƙasa. Shi ya sa gogaggun maharban can ba su cika harbi daga nesan da ya wuce mita 30 ba.

Na san wannan azaba da idona. Ina yaro na bi manya farautar rani, wani ya jefi zomo da gora ya karya masa ƙugu. Ya riƙa jan jiki da ƙafafun gaba yana wani irin kuka kamar na jariri, kafin a cim masa a yanka. Ranar ban iya cin naman ba. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni a ganina, da zai iya magana, da wanda ya raunata shi ya bar shi zai fi yin fushi.

Wani zai ce ai sai a nemi bindiga mai ƙarfi a huta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin babban harsashi na rufe kuskuren maharbi. Amma harsashin albarushi yana iya tafiyar fiye da kilomita guda, alhali a kusa da gonaki akwai gidaje da dabbobi da masu wucewa. Bindigar iska ba ta da ƙara sosai, ba ta kai wannan nisa, ba ta kuma lalata nama. Saboda haka ban ga laifinta ba. Abin da take nema shi ne haƙuri: mutum ya daɗe yana gwada saiti a jikin takarda har hannunsa ya faɗa, ya fita da asuba ko da yamma lis lokacin da zomaye ke kiwo, ya laɓe ta inda iska ba za ta kai musu warinsa ba, ya jira. Idan bai ga kan zomo sosai ba, ya sauke yatsa daga kunama, ko da zai koma gida hannu rabbana.

A nan Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka, don haka kada wani ya ɗauka abin wasa ce. Amma darasin ya wuce bindiga. Mai danƙo da mai gora da mai bindigar toka duk ya shafe su. Wanda bai tabbata zai kashe dabba farat ɗaya ba, ya ƙyale ta ta wuce.

Abokina dai har yau yana kan bakansa. Na bar wa masu karatu su yi mana alƙalanci a fitowa ta gaba.